Fagen Sana'ar Hannu: Kada Sunan Mai Biro Ya Narke a Hannunka

Makonni biyu ke nan muna kan batun biron katako, wato biron da ake sassaƙa jikinsa a kan injin juyi, a saka masa bututun tagulla a ciki, sannan a haɗa masa baki da maƙali da ƙwayar tawada. Mun yi maganar zaɓen itace, mun yi ta huda shi da sassaƙa shi. Yau kuma za mu tsaya a kan matakin da ya fi kowanne cinye wa sabon shiga riba, wato ɗora suna ko tambari a jikin biron da kuma rufe shi yadda ba zai lalace ba.

Abin da ya sa na jawo batun gaba shi ne saƙon da wani ɗalibin kwalejin fasaha ya aiko mana. 'Yan ajinsu sun haɗa kuɗi sun ba shi aikin biro 12 da za su raba wa malamansu ranar bikin yaye su, kowanne da sunan malami a jiki. Sassaƙa ta yi kyau, sunaye sun zauna, amma da ya zo shafa gam na ƙarshe sai tawadar wasu ta bazu kamar an zuba wa allo ruwa, wasu suka yi fari-fari a ƙarƙashi, ɗaya kuma samfefa ta cinye rabin sunan. Yana tambaya ko takardar ce ba ta da kyau.

Amsa a taƙaice ita ce, da wuya laifin ya zama na takarda. Yawancin masu farawa suna ɗaukar suna ko tambari a matsayin abin da ake liƙawa bayan an gama aiki. Alhali wurin zamansa tsakiyar aikin ne: santsi a ƙarƙashinsa, rufi a samansa, shi kuma yana binne a tsakani kamar hoto a cikin gilashi. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin yau. Sauran rabin kuwa haƙuri ne.

Mece ce sitikar ruwa?

Masu wannan sana'a, waɗanda suka fi yawa a Amurka da Ingila da Ostireliya, ba sa amfani da sitika irin wadda ake manna wa bayan Keke Napep ko murfin littafi, domin ta yi kauri, kuma gefenta ba ya ɓoyuwa. Abin da suke amfani da shi wata takarda ce ta musamman da za mu kira sitikar ruwa. Hawa uku gare ta. A ƙasa akwai takarda mai ɗan kauri, a tsakiya akwai gam mai narkewa a ruwa, a sama kuma akwai wata siririyar fata kamar ɓawon albasa. A kan wannan fatar ake buga rubutu. Idan aka tsoma ta a ruwa sai gam ɗin ya saki, fatar ta zame daga jikin takardar ta koma jikin abin da ake so. Duk wanda ya taɓa liƙa hoton cikin cingam a hannunsa yana yaro ya san kusan yadda abin yake.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ana danganta ta da wani mai zane ɗan ƙasar Faransa, Simon François Ravenet, wanda ya koma Ingila da zama a wajejen shekarar 1750, kuma a kan kayan tangaran aka fara cin moriyarta. Furannin da kuke gani a jikin farantai da kofunan tangaran na ɗakin iyayenmu mata, da yawansu ta irin wannan hanya aka ɗora su. Bambancin shi ne, tangaran ana gasa shi a wuta har zanen ya zama ɗaya da jikinsa. Katako kuwa ba ya gasuwa. Dole mu nemi abin da zai tsaya a madadin wutar, kuma abin da masu biro suka fi dogara da shi shi ne gam ɗin nan da kowa ya sani, sufa gulu.

Shi ma yana da ɗan tarihinsa. Wani masanin kimiyyar sinadarai Ba'amurke, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942 lokacin da ake neman roba mai haske da za a yi wa bindigogi madubin saiti a Yaƙin Duniya na Biyu. An yi watsi da shi saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa. Sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi da sunan Eastman 910. Abin da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe shi ne, wannan gam ba bushewa yake yi irin ta fenti ba. Danshin da ke cikin iska da jikin abin da aka shafa wa ne ke sa shi daskarewa ya zama roba mai tauri da haske, kuma yana fitar da zafi lokacin da yake daskarewar. Ku riƙe waɗannan biyun, danshi da zafi, domin za mu sake haɗuwa da su a gaba.

Abokan gaba huɗu

Sitikar ruwa tana da abokan gaba huɗu, kuma duk ɓarnar da za ka gani ɗayansu ne ya yi ta.

Na farko ruwa. Tawadar firinta mai ruwan tawada, irin ƙaramar nan ta gida, tana narkewa a ruwa, ga shi kuma dole sai an tsoma takardar a ruwa kafin a ɗora ta. Haka kuma ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin sitika shi ke sa gam ya yi fari kamar hazo.

Na biyu sinadarai masu narkarwa. Sufa gulu kansa yana iya jan tawada tun yana ruwa-ruwa. Haka asiton, wanda ake samu a ruwan goge jan farce, da sifirit, da tina ta masu fenti, da feshin da ake sayarwa don hanzarta daskarewar gam.

Na uku zafi da guga. Idan injin yana gudu ka danna tishu a jikin biron, gugar kaɗai ta isa ta ɗaga gefen sitika ko ta yamutsa ta.

Na huɗu samfefa. Komai sirantar sitika, ta ɗan fi sauran jikin biron tudu, kuma samfefa tudu take fara ci.

Tun ran gini, tun ran zane

Kariyar sitika tana farawa ne tun kafin a buga ta. Da farko ka dubi launin itacenka. Firintar gida da ta shago ba sa buga farar tawada, suna dogara ne da farin takarda. Saboda haka idan ka buga suna a kan sitika mai haske, wadda ake ganin abin da ke bayanta, ka ɗora a kan baƙin itace ko ja mai duhu irin maɗaci ko ƙirya, sunan zai nutse a cikin duhun, sai an kai shi gaban fitila kafin a karanta. Sitika mai haske ta fi dacewa da itace mai haske irin malaina, da baƙin rubutu mai kauri. Idan kuwa dole sai itace mai duhu, to ka nemi sitika mai farin baya, ka tsara tambarin a cikin da'ira ko akwati, ka yanke daidai bakin layinsa don kada farin gefe ya fito.

Sai girma. Biron da kaurinsa ya kai milimita 9, idan ka yi lissafin da'ira da aka koya mana tun ƙaramar sakandare, kewayensa bai wuce milimita 28 da ɗan ɗori ba. Ido kuwa ba ya iya karanta fiye da kamar kashi ɗaya cikin uku na wannan kewaye ba tare da an juya biron ba. Don haka tsayin haruffanka kada ya kai santimita ɗaya, kuma sunan ya bi tsawon biron a kwance. Haka zalika, wurin da za ka ɗora sitikar ya zama miƙaƙƙe. Fatar tana naɗe jiki mai siffar bututu ba tare da gardama ba, amma inda biron ya yi ciki ko ya yi ƙugu, sai ta tattare.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman, wato haruffa masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne yake da ɓ da ɗ da ƙ ba, wani sai ya fito maka da akwati a gurbinsu. Ko da yana da su, lanƙwasar ita ce wuri mafi siranta a harafin, ita ce ke fara bazuwa ko gogewa. Malam Baƙo ba zai ji daɗin a miƙa masa biro a gaban jama'a an rubuta Bako ba, haka Ɗanladi da Ƙasimu. Ka zaɓi rubutu mai kauri, ka guji mai jela da ƙawa, sannan ka tura wa mai aikin sunayen ya duba ya amince kafin ka buga. Wanda zai yi da ajami ko Larabci kuma ya sani ɗigo ɗaya idan ya ɓace harafi ya canza. A nan zan ƙara da shawara: a bar ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah daga jikin biro, domin abu ne da ke faɗuwa ƙasa, ake kuma shiga da shi ko'ina a aljihu. Tambarin makaranta ko na kamfani kuwa, a nemi izinin masu shi kafin a buga don sayarwa.

Wajen bugawa, takardar iri biyu ce: akwai ta firinta mai ruwan tawada, akwai ta firinta mai garin tawada, irin wadda ta fi yawa a shagunan buga takardu na bakin makarantu. Kada ka haɗa su. Mai garin tawada da zafi take manna rubutu, kuma takardar da ba don ita aka yi ba tana iya narkewa a ciki ta jawo maka rigima da mai shago. Rubutun garin tawada ba ya narkewa a ruwa, wannan ce falalarsa. Na ruwan tawada kuwa dole a rufe shi kafin ya ga ruwa. Ka bar shi ya bushe sosai, sannan ka fesa masa fenti mai haske marar launi na gwangwani, irin su Krylon ko makamancinsa. Feshi mara nauyi, daga nesa kamar tsawon rula, sau biyu ko uku, kana barin kowanne ya bushe kafin na gaba. Ko na garin tawadar ma feshi ɗaya ba zai cutar da shi ba, domin yana tsare shi daga gam. Kuma tunda takarda ɗaya tana ɗaukar sunaye da yawa, ka buga kowane suna sau uku. Ɗaya na gwaji, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana.

Shimfiɗar ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora sitika kai tsaye a kan tsiraicin katako. Katako yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani sosai. Idan fatar ta hau kansu, iska tana maƙalewa a ciki, sai ka ga bayan rubutun yana walƙiya fari-fari kamar azurfa, gefen sitikar kuma ya fito fili. Ban da haka, katakon zai sha ruwan sitikar, ya kumbura, ya riƙe danshi.

Don haka bayan sassaƙa, ka bi samfefa daki-daki, daga lamba 150 zuwa 240, 320, 400, har 600. Bayan kowace lamba ka tsayar da injin ka goga ta tsawon biron don share zoben da juyi ya bari. Ka kula kada samfefar ta riƙa hawa zoben ƙarfen da ke gefe biyu na katakon, domin baƙin garin ƙarfe yana ɓata itace mai haske. Idan itacen mai maiƙo ne, ka goge shi da asiton yanzu, ka bar shi ya bushe. Wannan ne karo na ƙarshe da asiton zai kusanci biron. Sannan ka shafa sufa gulu mai ruwa-ruwa sau biyu ko uku, ka bari ya daskare, ka bi shi da samfefa mai laushi har ya yi sumul yana ɗan sheƙi. A kan wannan shimfiɗar sitika za ta zauna.

Wani abu da ake mantawa: duk shafen da za ka yi yana ƙara wa biron kauri. Saboda haka ka sassaƙa katakon ya ɗan yi ƙasa da awon bakin biron da zobensa, kamar kaurin farce, don rufin ya cike gurbin. In ba haka ba, a ƙarshe za ka ga jikin biron ya fi bakinsa tudu, ka shiga gogewa da samfefa don ya daidaita, a nan ne sunan zai tafi.

Ɗora sitika

Ka yanke ta da almakashi mai kaifi, kusa da rubutun, ka bar ɗan gefe kaɗan, ka kuma zagaye kusurwoyin, domin kusurwa mai tsini ita ce ke fara ɗagowa. Ka tsoma a ruwa mai ɗumi-ɗumi na kamar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Da ka ji fatar ta fara motsi tsakanin yatsunka, ta isa. Idan ta daɗe a ruwa gam ɗinta zai wanke, ta rasa abin kamawa. Ka ɗan jiƙa wurin da za ta zauna, ka kawo takardar bakin wurin, ka zame fatar a hankali ta sauka. Kada ka ɗago ta a iska da yatsa, za ta naɗe kanta. Tun da sauran ruwa a ƙarƙashi kana da damar gyara mata zama. Ka duba wane gefe ne saman biron, don kada sunan ya fito a kife idan mai shi ya riƙe zai yi rubutu, kada kuma maƙalin aljihu ya rufe shi.

Idan ta zauna, ka ɗauki tishu mai ɗan danshi ka riƙa dannawa daga tsakiya zuwa gefe, kana fitar da ruwa da iska. Dannawa kawai, ban da gogewa.

Daga nan sai mataki mafi wuya ga matashi: ka ajiye biron ka tafi. Ka rufe shi da kwano ko kwali saboda ƙura, ka bar shi ya kwana. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe, kwana ɗaya ya wadatar. Da damina, musamman a watan Agusta, ka ba shi yini da kwana ko fiye. Saman sitika yana bushewa cikin minti kaɗan ya yaudare ka, alhali ƙarƙashinta da sauran ruwa. Idan ka rufe wannan ruwan da gam, farin hazon da zai fito ba shi da magani sai kankarewa. Kada kuma ka kai shi rana ko bakin wuta don ya yi sauri, domin katakon da ya rage a jikin bututun siriri ne ƙwarai, zafi yana tsaga shi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Rufin farko shi ne mai hatsari

Da gari ya waye, ka mayar da biron kan injin amma kada ka kunna shi. Shafe uku na farko da hannu ake yin su. Ka ɗiga gam mai ruwa-ruwa kaɗan a kan tishun da ka ninke, ka ja shi sau ɗaya ta tsawon biron a kan sitikar, ka juya injin da hannu ka bi sauran jikin. Sau ɗaya, kada ka dawo baya. Dawowar ce ke jan tawada, domin a ja na farko gam ya riga ya fara tausasa ta. Ka bar shi ya daskare da kansa ba tare da feshin hanzartawa ba. Feshin yana ɗauke da sinadari mai narkarwa, kuma yana sa gam ya daskare farat ɗaya da zafi, abubuwa biyu da sitika ba ta so. Da hunturu za ka ga gam ɗin yana jan lokaci saboda ƙarancin danshi. Ka jira shi. Kada ka hura masa iskar baki, danshin numfashi yana iya sa shi fari.

Bayan shafe uku irin wannan, sitikar ta shiga sulke. Yanzu kana iya kunna injin a gudu mafi ƙanƙanta ka ci gaba da shafawa. Masu samun gam mai ɗan kauri sukan yi shafe takwas zuwa goma. Wanda yake amfani da ƙaramin sufa gulun kanti, wanda ruwa-ruwa ne, zai buƙaci fiye da haka. Ma'aunin ba ƙidaya ba ne, yatsa ne. Idan gam ya daskare sarai, ka tsayar da injin, ka rufe ido, ka shafa wurin. Muddin kana jin bakin sitikar, rufi bai isa ba. Ka ƙara. Kuma kada ka kusanto da samfefa kafin wannan lokaci.

Ga wanda ba ya son gam, ko warinsa yana damunsa, fentin gwangwani mai haske yana iya tsayawa a madadinsa, da sharaɗin feshin farko ya zama kamar raɓa, domin idan ya yi yawa sinadarinsa yana yamutsa fatar. Sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin ya yi taurin da za a goge shi. Abin da za ka guje wa gaba ɗaya shi ne man ƙyallin da ake shafawa injin yana gudu har ya yi zafi. Yana da sifirit, yana buƙatar guga, kuma siririn rufin da yake bari gumin hannu yana cinye shi.

Gogewa da fito da ƙyalli

Idan rufi ya kai, ka bar shi ya huta wasu sa'o'i, sannan ka fara da samfefa lamba 400 ko 600, da hannu mara nauyi. Ka naɗa ta a jikin wani abu mai faɗi kamar guntun katako, domin yatsa yana lotsawa ya ci wuri ɗaya. Ka riƙa tsayar da injin kana dubawa. Farin gari alama ce kana cikin gam, kana lafiya. Da ka ga gari mai launin itace ko na tawada, ka tsaya, ka riga ka huda. Abin da kake nema shi ne jikin biron duka ya dushe bai ɗaya, babu ɗigon wuri mai sheƙi. Daga nan sai samfefa mafi laushi da ɗan ruwa. Masu hali suna amfani da Micro-Mesh, wadda ke tashi daga lamba 1500 zuwa 12000. Wanda bai samu ba ya nemi samfefar ruwa ta masu fentin mota mai lamba 1500 da 2000, ya ƙarasa da man goge fentin mota. Ka tsare bakin katakon biyu daga ruwa, domin nan ne gam bai rufe ba, kuma ta nan ruwa ke shiga ƙarƙashin rufi.

Kada ka haɗa baki da maƙali sai ka duba biron a hasken rana ka gamsu. Waɗannan ƙarafa daga waje ake shigo da su, su ne mafi tsada a cikin aikin, kuma idan aka matse su a bututu cire su ba tare da ɓarna ba sai da wahala. Idan sitika ta lalace tun ba ka haɗa ba, asararka kaɗan ce: ka kankare rufin har zuwa katako, ka sake shimfiɗa, ka ɗauko sunan da ka ajiye na ko-ta-kwana. Faci a kan wadda ta huje ba ya ɓoyuwa.

Lafiyarka ta fi biron

Sufa gulu ba abin wasa ba ne. Idan ya zuba a kan auduga yana yin zafi har ya yi hayaƙi ya ƙona fata, don haka kada ka shafa shi da tsumman atamfa ko auduga, kada kuma ka sa safar hannu ta zare. Ko tishun ma yakan yi zafi, ka jefar da shi a kwanon ƙarfe da zarar ka gama. Ka sa tabarau na kariya, domin injin yana watsa ɗigon gam. Ka yi aiki inda iska ke ratsawa, tururinsa yana sa hawaye da tari, masu asma kuma su nisance shi. Idan yatsu suka manne, kada ka fizge, ka jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti, kada a ɓamɓare fatar idon da ƙarfi. Sannan duk abin da ke lilo, hannun riga mai faɗi ko bakin hijabi ko carbi a wuya, a tattare shi kafin a kunna injin.

Lissafin kwanaki

Idan kun lura, babu wani abu mai tsada a cikin duk abin da na lissafa. Abin da aikin yake ci shi ne lokaci. Rana ɗaya ta bugawa da feshi da sassaƙa, rana ta biyu ta ɗora sitika da jiran bushewa, rana ta uku ta rufi da gogewa. Saboda haka idan aka kawo maka aikin biki ko na yaye ɗalibai aka ce gobe ake so, ka faɗi gaskiya cewa biro mai suna kwana uku yake ci, ka ƙara ɗaya saboda wutar lantarki. Gara ka rasa ciniki ɗaya da ka miƙa aikin da zai sa a daina kawo maka. Idan kana da biro goma sha biyu, ka tafi da su tare mataki-mataki, jiran guda ɗaya shi ne jiran dukansu. Kafin ka taɓa na mutane kuma, ka gwada komai a kan guntun itacen da ya rage, da takarda iri ɗaya da gam iri ɗaya, domin tawadar wani kamfani tana jure abin da ta wani ba ta jurewa.

Idan ka miƙa biron, ka gaya wa mai shi kada ya bar shi a gaban gilashin mota cikin rana. Zafi yana tsaga rufin, haske kuma yana kashe launin tawada a hankali.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba wata hanyar rubuta suna da ba ta buƙatar takarda ko firinta, wato ƙuna da ƙarfe mai zafi, irin yadda masu zanen ƙwarya suka gada. Masu tambaya su ci gaba da aiko da saƙonninsu ta hannun editan wannan shafi. Allah Ya ba mu sa'ar karatu da ta sana'a. Sai mun haɗu.